Malamin Da Ya Tsinci Ƙauyensu A Rumbun Amurka

MALAMIN makaranta ne, yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren gwamnati a birnin Kano, kuma duk wanda ya san shi ya san ba mutum ne mai yawan tambaya a gaban likita ba. In an ce ya sayo magani ya sayo, in an ce ya dawo ran Talata ya dawo. Haka ya yi ta kai 'yarsa asibiti shekara da shekaru, tun ranar da hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura tana da wata tara a duniya, aka auna jininta aka ce masa sikila ce, watau amosanin jini. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa yarinyar, saboda haka ba ya iya kama sunan, Ummi yake ce mata, kowa ma a gidan ya bi bakinsa.

Abin da ya sauya shi ya faru ne a cikin daminar shekarar 2023, a kan bencin jiran likita, lokacin Ummi tana da shekara bakwai. Masu zuwa asibitin sikila sukan san juna kamar 'yan unguwa ɗaya, domin fuskokin da aka gani a watan jiya su za a sake gani a wannan wata, sai fa wanda Allah Ya yi wa rasuwa. Akwai wani yaro ɗan kimanin shekara tara da ya saba addabar masu jira da guje-guje, har ma'aikatan jinya suna yi masa tsawa. Ran nan sai ga shi goye a bayan uwarsa kamar jinjiri, hannun dama ya saki, baki ya karkace. Malam ya tambaye ta ko haɗari ya yi, ta ce a'a, lafiya lau ya kwanta, da gari ya waye aka same shi haka. Shanyewar ɓarin jiki ce. Shi kuwa Malam a iya saninsa wannan ciwo na dattawa ne masu hawan jini, bai taɓa jin ya kama ɗan firamare ba.

Da layi ya zo kansa ya daure ya yi tambayar da bai saba yi ba. "Likita, shin abin da ya sami yaron nan yana iya samun tawa?" Likitar, wata matashiya wadda gajiya ta bayyana a fuskarta, ta ce, "Yana iya samun kowane mai sikila, Malam. Allah Ya kiyaye. A ci gaba da ba ta magungunanta, ta riƙa shan ruwa sosai." Ta miƙa masa kati, na bayansa ya shigo. Ba za a ce ta yi laifi ba, gama layin ya kai har bakin ƙofa, kuma ita kaɗai ce a ɗakin. Amma Malam ya fito da tambayarsa yadda ya shiga da ita, har ma ta fi nauyi.

Da dare, bayan yara sun yi barci, ya ɗauki wayarsa ya shiga intanet. Abin da ya tarar kasuwa ce. Wannan na rantsuwa yana da ganyen da ke mai da jinin SS ya koma AA cikin kwana arba'in, wancan na nuna hotunan waɗanda wai suka warke, ga lambar waya a ƙasa. Kwana uku yana wannan yawo, sai Allah Ya kawo ƙanen matarsa, ɗalibin koyon aikin likita da ke ajin ƙarshe, ya zo cin tuwon dare. Ya leƙa wayar ya yi dariya. "Yaya, ai nan bakin tasha ne, kowa da abin da yake talla. Kawo in nuna maka inda malamanmu suke aika mu."

Shafin da ya buɗe masa ba shi da wani ado, ba hoto, ba talla, sai wani dogon gurbi fari inda ake rubuta abin da ake nema. Sunansa PubMed. Ba a biyan ko kwabo, ba a tambayar mutum shi wane ne, ko likita ne ko mai sayar da goro. Babban Laburaren Likitanci na ƙasar Amurka, wanda ke garin Bethesda a jihar Maryland, shi ke riƙe da shi, kuma bayanan rubuce-rubucen binciken lafiya da na kimiyyar halittu da ke cikinsa sun haura miliyan 35.

Yana da kyau mai karatu ya san asalin wannan abu, domin ba jiya aka fara shi ba, kuma ba da kwamfuta aka fara ba. A shekarar 1865 aka danƙa wa wani likitan soja mai suna John Shaw Billings kula da ɗakin littattafan ofishin babban likitan sojan Amurka. Mutumin ya lura da wata matsala wadda duk almajirin da ya taɓa neman mas'ala guda a cikin tarin littattafan malaminsa ya san ta: ilimi yana iya zama a rubuce, a ajiye a cikin gida, amma in ba a san shafin da yake ba tamkar babu shi ne. Likita a Jamus zai gano abu ya buga, likita a Ingila ya sake shan wahalar gano shi bayan shekara goma don bai ji labari ba. To, a shekarar 1879 Billings ya fara fitar da wata fihirisa wata-wata mai suna Index Medicus, wadda ke jera duk abin da aka buga a mujallun likitanci bisa ga batu da sunan marubuci. An yi shekara 125 ana buga ta a takarda, sai a 2004 aka daina. Kafin nan an shigar da aikin cikin kwamfuta a 1964, sa'an nan a 1971 aka fara bincikensa daga nesa ta layin waya da sunan MEDLINE, amma sai da kuɗi, kuma galibi ma'aikatan laburare ne ke yi wa likita binciken. Likitan da ke Zariya ko Ibadan a wancan zamani kuwa sai dai ya jira kundin ya iso ta gidan waya. A watan Yuni na 1997 ne aka buɗe ƙofar kyauta ga duk mai intanet, har mataimakin shugaban ƙasar na lokacin, Al Gore, ya zauna a gaban jama'a ya gwada bincike a ciki.

Ana kiransa rumbu, amma sunan yana iya ruɗin mutum, domin abin da ke ciki ba hatsin ba ne, takardar lissafin hatsin ce. Kowane rubutu yana da katinsa: takensa, sunayen waɗanda suka yi shi, mujallar da ta buga, shekara, da ɗan taƙaitaccen bayani wanda bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba. Sa'an nan akwai wata dabara da aka tsara tun 1960, ta liƙa wa kowane rubutu daidaitattun kalmomi, kamar a ce wani ya rubuta sikila, wani amosanin jini, wani ciwon ƙashi, sai a tara su duka ƙarƙashin suna guda don kada mai nema ya rasa ko ɗaya. Mutane ne suka yi shekaru suna karanta rubuce-rubucen suna liƙa musu waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, sai daga 2022 na'ura ta karɓi yawancin aikin.

A daren farko Malam ya rubuta sunan cutar da Turanci, sai ga amsa sama da dubu ashirin. Ya ajiye wayar. Wanda ƙishirwa ta kai shi rijiya sai ya tarar da teku, ina zai fara? Ya ɗauki wata guda yana fafutuka da ƙamus a gefe da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yana kwafe kalmomi. Sau da yawa yakan yi murna ya ga an ce wani sinadari ya hana jini lanƙwashewa, ya kira surukin nasa da tsakar dare, shi kuwa ya ce, "Yaya, duba da kyau, a jikin ɓera aka gwada." Daga ƙarshe yaron ya rubuta masa tambayoyi uku a bangon littafin, ya ce kada ya yarda da kowane rubutu sai ya amsa su: a kan wa aka gwada, mutum nawa ne, kuma da wa aka kwatanta su. Ya bayyana masa cewa gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kowane kashi abu daban, don kada son zuciyar likita ko sa'ar wani majinyaci ta shiga cikin lissafi. Ya kuma nuna masa inda ake latsawa a tace, sai irin waɗannan gwaje-gwaje kaɗai su rage. Nan take tekun ya koma tafki.

A cikin tafkin nan ne ya ci karo da wani rahoto na shekarar 1998. Likitoci a Amurka sun yi amfani da wata na'ura da ake ɗora wa yaro a gefen kai, tsakanin ido da kunne, tana auna saurin gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba yanka. Yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari, domin kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara yakan gamu da shanyewar jiki a kowace shekara. Wannan bai yi wa Malam wuyar ganewa ba, shi da ya yi shekaru yana koya wa yara cewa ruwan kogi yakan ƙara gudu inda gaɓa ta matse. Jijiya ce ke tsukewa, gudun jini kuwa shi ke tona asirinta tun kafin ta toshe. An gwada yara 130, aka tarar ƙarin jini wata-wata yana rage haɗarin da kimanin kashi tara cikin goma. Ashe abin da ya sami yaron nan na kan benci ana iya hango shi, an kuma san haka tun shekara ashirin da biyar da suka wuce.

Murnarsa ba ta yi nisa ba. Ƙarin jini kowane wata, shekara da shekaru? Duk wanda ya taɓa zagaya dangi da tsakar dare yana neman mai ba da leda ɗaya ta jini ya san wannan magana ce ta wata ƙasa. Cikin ɓacin rai ya ƙara kalma ɗaya a gurbin, ya rubuta Najeriya.

Abin da ya fito ya sa shi tashi zaune. Rahoto ne na shekarar 2022 a ɗaya daga cikin mujallun Lancet na Ingila, sunan farko a jerin marubuta Shehu Abdullahi, na ƙarshe Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, a tsakaninsu kuwa sunaye irin waɗanda yake kira kullum a rajistar ajinsa. An yi binciken ne a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Yara 220 masu sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda na'urar nan ta nuna suna cikin haɗari, aka raba su kashi biyu aka ba su ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya maimakon ƙarin jini, wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. A ɓangarorin biyu duka yaran da jikinsu ya shanye 'yan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da abin da aka sani yana faruwa idan ba a yi kome ba, masu shan kaso mafi yawa kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Ɗaya daga cikin asibitocin nan Malam yana wucewa ta ƙofarsa a kan babur kowace safiya. Shekarun da aka yi ana wannan aiki a ciki shi yana wucewa, Ummi tana girma. Labarin ya tashi daga Kano ya tafi Landan aka buga, daga can ya haye teku aka rubuta katinsa a Bethesda, kana ya dawo Kano ya same shi a kan tabarma da ƙarfe ɗayan dare. Malamin labarin ƙasa bai taɓa ganin hanya mai nisan zagaye irin wannan ba zuwa wurin da babur ke kai mutum cikin minti ashirin.

Ya kai wayar wurin masu buga takardu aka fitar masa da shafin, ya ninke ya sa a aljihu har ranar asibiti. Ya shiga yana shirin gardama, domin ya ji ana cewa likitoci ba sa son majinyaci mai intanet. Likitar ta karɓa, ta duba sunayen, ta yi ɗan murmushi. "Malam, ai wasu daga cikin waɗannan su suka koyar da ni." Ta san aikin sarai. Na'urar ce babu a wannan ƙaramin asibiti, sai an tura mutum babba, kuma a cikin minti biyun da kowane majinyaci ke samu ana fama ne da ciwon da ya zo yau, ba a kai ga wanda bai zo ba tukuna. Ba ta ba da haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ta jawo takarda ta rubuta masa ta zuwa babban asibiti. Takardar da ya kawo ba ta koya mata kome ba, iyakacinta ta sayo masa minti biyar na hankalinta, ta kuma sa tambayar da ta dace a bakinsa.

Amma kafin ya fita idonta ya faɗa kan bayan shafin, inda ya riɓanya nauyin Ummi da miligiram 20 ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, irin ta malamin makaranta. Murmushin ya ɗauke. Ta sa biro ta soke lissafin. "Wannan kam kada ka kuskura, Malam. Maganin nan yana rage ƙwayoyin jinin da ɓargo ke yi. Yaran da ka karanta labarinsu ana auna jininsu a kai a kai. Ba a saye shi a kemis a fara ba wa yaro." Ya ji kunya, domin gaskiya ya riga ya tambayi kuɗinsa a kemis biyu.

An yi wa Ummi awon. Ta kwanta tana dariya saboda sanyin man da aka shafa mata a gefen kai, na'ura tana wani irin huci kamar iskar hunturu a bakin taga. Lambar ta haura 200. Aka sake bayan 'yan makonni, ta sake haurawa.

Sai kuma wata sabuwa ta taso a gida. Maman Ummi ta karanta 'yar takardar cikin kwalin maganin ta ga an ambaci cutar daji, ta ce ita ba za a ɗura wa 'yarta maganin masu daji ba, yarinya tana tafiya da ƙafarta tana cin tuwonta. Dangi suka goya mata baya. Malam ya koma rumbu. Gaskiya ne, da can don wasu cututtukan daji aka san maganin, amma an gano yana farkar da irin jinin da jariri ke da shi a cikin uwa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. An tabbatar da amfaninsa ga manya masu sikila a Amurka a 1995, hukumar magunguna ta can ta amince da shi a 1998, sa'an nan a 2019 aka buga sakamakon yara sama da 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, inda tashin ciwo ya ragu, da ƙarin jini, da mace-mace, har ma da zazzaɓin cizon sauro. Ya zauna ya fassara mata duk wannan da Hausa, jimla bayan jimla. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Baban Ummi, kai karantawa ka yi, ni kuwa ɗaukar cikinta na yi." Babu gurbin da ake rubuta irin wannan magana a sami amsa. Mako biyu aka yi ana abu ɗaya, kuma abin da ya karya gardamar daga ƙarshe wata mata ce da ta haɗu da ita a layin asibiti, wadda ɗanta ya shekara uku a kan maganin, ta ga yaron da idonta yana ƙwallo da robar lemo.

A tsakanin nan gwaggonsa ta aiko da wata kwalba ta jiƙo daga ƙauye, ta ce an gwada an gani. Malam bai raina ba, ya ce bari ya duba. Ya kuwa yi mamaki da ya tarar rumbun bai rufe ƙofa ga maganin gargajiya ba. Akwai rahoton 2001 a kan wani haɗi mai suna Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta sarrafa daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce, aka gwada shi a kan wasu masu sikila aka ga alamun yana rage tashin ciwo, ko da yake masu bitar irin waɗannan ayyuka sun ce gwajin ƙarami ne, ana bukatar wanda ya fi shi. Amma kwalbar gwaggo ba ta da suna, mai haɗa ta kuma ba ya faɗin sirrinsa, to me za a rubuta a gurbin? Ya ajiye ta a kan kabad ya aika da godiya.

Surukinsa ya gargaɗe shi kada ya ɗauka duk abin da bai gani a ciki ba babu shi a duniya. Mujallu dubu biyar da 'yan kai ne ake zaɓa a shigar a MEDLINE, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake bugawa a jami'o'in ƙasar nan ba sa ciki, sai an neme su a wani rumbu na mujallun Afirka mai suna AJOL wanda aka kafa a 1998. Manya ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A shekarar 2001 wata matashiya mai ƙoshin lafiya ta rasu a birnin Baltimore na Amurka bayan ta shaƙi wani sinadari a wani gwaji na Jami'ar Johns Hopkins, alhali tun cikin shekarun 1950 an buga cewa sinadarin yana ɓata huhu. Bayanan PubMed a lokacin daga tsakiyar shekarun 1960 suka fara, gargaɗin yana can a tsofaffin kundaye a kan kanta, ba wanda ya sauko da su.

Bayan Ummi ta yi wata huɗu a kan magani, hankali ya ɗan kwanta, sai wani dare son sani kawai ya sa Malam ya rubuta sunan ƙasar haihuwarsa a gurbin: Garki. Ba ta Abuja ba, Garki ta Jihar Jigawa, wadda take cikin Jihar Kano kafin 1991. Bai yi zaton ganin kome ba. Sai ga rubuce-rubuce jere. Ashe daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan wannan yanki, suna fesa magani a ɗakuna, suna raba ƙwayoyi, suna ɗibar jinin mutane lokaci-lokaci, aikin da masana wannan ciwo ke komawa gare shi har yau. Daga cikin jinin da aka ɗiba, Alan Fleming, masanin ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka fitar da rahoto a 1979 a wata mujalla ta birnin Libaful. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a ƙauyukan yana ɗauke da rabin gadon sikila. Jarirai biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da cikakkiyar cutar. Amma da aka duba waɗanda suka tasa, sai aka tarar da ƙyar ake samun mai ita. Ba warkewa suka yi ba.

Malam ya daɗe yana kallon wannan ɗan sakin layi. Shi ne autan uwarsa. Tara ta haifa, huɗu suka rayu, sauran biyar duk kafin a haife shi suka koma, a cikin waɗannan shekaru, a cikin waɗannan ƙauyuka.

Ya latsa don ya karanta cikakken rahoton, sai shafin kamfanin da ya mallaki mujallar ya nemi daloli. A nan iyakar kyautar take. Fihirisa ta kowa ce, littafin kuwa yana da mai shi. Akwai wani sashe mai suna PubMed Central da aka buɗe a 2000 inda miliyoyin rubuce-rubuce suke a sake, amma wannan ba ya ciki. Jinin mutanen ƙauyensu ne, wataƙila har da na uwarsa, ga shi sai ya biya kafin ya ji abin da aka gani a ciki. Ba shi ne farkon wanda ya tsaya a wannan ƙofa ba. A 2015, bayan cutar Ebola ta yi wa Laberiya kaca-kaca, babbar jami'ar lafiyar ƙasar, Bernice Dahn, da wasu abokan aikinta sun bayyana a jaridar New York Times cewa sun tarar da wani rahoto na 1982 inda masu bincike daga Jamus suka yi gargaɗin cewa Laberiya tana cikin yankin da cutar ke iya ɓulla. Babu ɗan Laberiya ko ɗaya a cikin marubutan, kuma sauke irin wannan takarda zai ci wa likitan ƙasar dala 45, kusan rabin albashinsa na mako. Shi dai Malam ya yi sa'a, surukinsa ya nemo masa ta hannun laburaren jami'arsu.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara ya kwashi iyali suka tafi gida. Bayan la'asar, an zauna a tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, ya tambayi tsohuwar ko ta tuna wasu mutane da suka riƙa zuwa da mota tun tana amarya.

"Masu feshi? Na tuna su mana, Auta. Su sa a fitar da kaya waje, su fesa ɗaki, wari ya hana mutum barci. Sai kuma masu soka yatsa su ɗiga a gilashi. An ce don sauro ne."

Ya gaya mata abin da aka gani a cikin gilasan, a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ya kuma gaya mata gaskiya cewa ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ɗauki nata, domin a wancan zamani zazzaɓi na kisa, ƙyanda na kisa, gudawa na kisa, kuma ba a san irin jinin marigayi mahaifinsa ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Wabi aka ce ina yi," in ji ta. "Ba abin da ban sha ba. Na uku ɗin kuwa hannuwansa sun kumbura kamar yadda na takwarata suka yi, yana kuka ba a iya taɓa shi." Ta yi shiru, sa'an nan ta nuna takardar da ke hannunsa da haɓa. "Su waɗannan da suka rubuta, sun sa sunayensu?"

"A'a, Inna. Lissafi kawai suka sa."

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta buɗe tafin hannun hagu, ta shiga lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayen, kowanne da lokacin da ya tafi, wannan da kaka, wannan da bazara ana jiran ruwa, wannan shekarar da aka yi fari. Malam bai taɓa jin sunaye biyu daga ciki ba. Ya juya bayan takardar ya rubuta su duka biyar.

Ta ce a nuna mata maganin. Maman Ummi ta ɗauko kwalin daga jaka ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa mata a hannu. Tsohuwar ta jujjuya ta, ta ɗaga ta sama wajen haske, sa'an nan ta waiwaya wajen yaran da ke wasa a bakin rumbun gero.

"Ke takwara, bar gudun nan haka. Ɗebo ruwa a randa ki zo ki sha abinki, magariba ta kusa."